Yadda Kotu Ta Sayar da Jirgin Dalal

Bismillahir Rahmanir Rahim. Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mai girma shugaban taro, Alhaji Sa'ud, dattijon Hausawan unguwar Khumra ta nan Jidda. Malamanmu da limamanmu. Iyayenmu mata, waɗanda ƙamshin girkinsu ya hana mu natsuwa tun ɗazu. 'Yarmu Lauya Mansura. Baƙinmu ma'aikatan jirgin ruwa. 'Yan'uwana direbobi da leburori da 'yan kasuwa, na Sudan da na Nijeriya da na Nijar da haifaffun Jidda, ina gaishe ku gaisuwar girma.

Sunana Na'ibi, direban tirela a tashar jiragen ruwa. An ɗora mini magana a madadin kwamitin agajin ma'aikatan jirgi, ba don na fi kowa iya zance ba, sai don ni na jawo muku wannan hidima. Na gode wa wanda ya ba da dukiya, na gode wa wanda ya ba da ƙarfi, na gode wa wanda addu'a kawai ya iya, ya kuma yi ta.

Da farko, ga yadda abin ya soma. Bara, bayan babbar salla, ina layin ɗaukar kaya wani direba ya kutso gabana. Na leƙo ta taga na zazzaga masa faɗa da Hausa, domin faɗan Larabci ba ya huce mini zuciya. Sai na ji murya daga sama: "Baba direba! Don Allah ƙara masa, na daɗe ban ji Hausa ba!"

Na ɗaga kai, sai ga wannan bawan Allah da ke zaune a damana, Ikrama, Bahaushen Kassala ta Sudan, mai kula da injin wani jirgin dabbobi da ake kira Dalal. Jirgin ya kawo raguna daga tashar Sawakin ta Sudan, an sauke su, mai jirgi ya ƙi biyan kuɗin tasha, ya kashe wayarsa ya ɓace. Hukuma ta tsare jirgin. Mutanen ciki ba iƙama, wato takardar zama, ba biza, ba damar taka ƙasa, albashi kuwa har sun manta kamanninsa. Suna hango Jidda, Jidda ba ta san da su ba.

Na biyu, iyayenmu mata. Da na kai wa Hajiya Rahamatu labari, ban rufe baki ba ta ce, "Mutane na jin yunwa a bakin ƙofarmu? Yalla, sauko mini da babbar tukunya!" Muka nemi izini, aka ba mu, kuloli suka fara hawa jirgi. Ba ta tambayi wane ne Bahaushe ba, ba ta tambayi wane ne Musulmi ba. Ga kyaftin ɗinsu nan, Bamisire, yau in aka rage daddawa a miyar kuka, shi ne farkon mai ƙorafi.

Na uku, jarrabawa, kuma a nan dariya ta ƙare mana. Wakilin mai jirgi ya ɓullo da tikitin komawa gida, da sharaɗin kowa ya sa hannu ya yafe albashinsa. A makon ne matar Ikrama, A'i, ta haifi 'yarsu ta fari. Ya kira ni, ya ce, "Baba, shi ke nan, zan sa hannu. Ina son in ga 'yata."

Nan take na garzaya wurin Mansura, wadda ke jin Hausa ras amma take mayar da rabin amsa da Larabci. Ta ce mini, "Ya ammi," wato baffa, "kar ya sa hannu! Bashin nan yana wuyan jirgin kansa. Mutum ya gudu, amma jirgi ga shi a ɗaure. In kotu ta sayar, za a cire kuɗin shari'a da na tasha, sai haƙƙin ma'aikata, kafin sauran masu bin bashi su ga komai. Amma in ya faɗi a farashin tsohon ƙarfe, mai yiwuwa kuɗin ba zai kai gare su ba."

Da na isar masa da wannan, Ikrama ya kira gida. A'i ce ta yanke hukunci. Ta ce, "Zauna ka karɓi guminka. Yarinya ba guduwa za ta yi ba, ko zama ba ta iya ba tukuna."

Ya zauna, sauran ma suka zauna. Mansura ta shigar da ƙara. Ikrama kuwa ya duƙufa kan inji, yana shafa mai, yana tayar da shi yana kashewa, kamar gobe za su tashi, alhali ba inda za su. Watanni suka shuɗe a haka.

Ranar gwanjo, dillalan tsohon ƙarfe suka zo suna yatsina. Sai wani ɗan kasuwa ya ce yana son jin injin. Ikrama ya sauka ya tayar. Jama'a, jirgin nan ya yi gurnani har ƙarfen ƙarƙashin ƙafarmu yana rawa! Nan take farashi ya haura. Kotu ta sayar, tasha ta karɓi nata, kowane ma'aikaci ya karɓi haƙƙinsa cif. Sabon mai jirgi ya ce Ikrama ya zauna ya yi masa aiki. Ikrama ya ce, "Na gode, ya shaihi, amma bana ko randa na gani cike da ruwa, kewaye ta zan yi."

Roƙona na ƙarshe, ranka ya daɗe shugaba, kada a rushe kwamitin nan. Teku ba ta ƙare ba, azzaluman masu jiragen ruwa ma ba su ƙare ba.

Allah ya saka wa kowa da alheri. Allah ya ƙara wa Mansura basira, ya sa albarka a tukunyar Hajiya Rahamatu, ya kai baƙinmu gidajensu lafiya, ya kuɓutar da duk wanda ke tsare a kan ruwa. Ikrama, gobe in ka sauka, ka gaishe mana da A'i. Ka kuma raɗa wa yarinyar a kunne cewa tana da kakanni a Jidda, sun cika ɗakin taro, suna jiran hotonta.

Na gode.