Madam Ba Ta San Juma'a da Lahadi Ba

Shugaban wannan taro, Baba Dantong. Limaminmu da fastonmu, waɗanda suka zauna a kan benci ɗaya kamar yadda suka saba. Wakilan kamfanin da ya kawo mana na'ura. Iyayena da yayyena direbobi. Iyayenmu mata masu abinci, waɗanda ƙamshin tukwanensu ke hana mu doguwar magana. Jama'ar tashar Laranto baki ɗaya, salama gare ku, assalamu alaikum.

Ni ce Theodora Mwadkon, lauyar wannan ƙungiya. Amma kafin lauyanci, 'yar direba ce ni, kuma da yawa a cikinku sun goya ni a nan tashar. Ina gode muku da kuka ajiye makullanku kuka zo, domin na san raba direba da sitiyari da rana tsaka ba ƙaramin aiki ba ne.

Abin da ya tara mu shi ne na'urar nan mai ƙirƙirarriyar basira da ke raba mana layin lodi, wadda kuka raɗa wa suna Madam saboda muryarta. Bari in fara da yabonta, don ta cancanta. Tun da Madam ta zo, ba a sake cin kwalar kowa a kan layi ba. Madam ba ta da suruki, ba ta da ɗan garinsu, ba ta jin “Oga, ka taimaka.” Har Baba Dantong ya yi ƙiba, tunda an daina tayar da shi daga cin tuwo don rabon faɗa. Ni kam ina son Madam, kuma ban zo don a kore ta ba.

Sai dai Madam ta dakatar da yayanmu Obum, mai bas ɗin Kuru, ta ce ɓarawon layi ne. Obum da ya yi furfura a wannan tasha, wanda fasinja ke mance waya a motarsa ya bi shi har gida.

Ga yadda abin ya faru, domin baƙinmu su fahimta. A tashar nan muna da wata al'ada da muka gada. Ranar Juma'a, idan lokacin masallaci ya yi, Musulmi yakan bar wa abokinsa Kirista layinsa. Ranar Lahadi da safe, Kiristan ya tafi coci, abokin ya shiga nasa. Obum da Malam Inuwa sun yi shekaru suna haka, ba su taɓa zama sun tsara ba. Ko a shekarun da garin nan ya rikice, har mutum yana tsoron ƙetare titi, wannan musanya ba ta tsaya ba. Madam kuwa abin da ta gani shi ne, kowace Juma'a motar Obum tana lodi a layin wani. Ta yi gargaɗi, ta sake yi, sannan ta rufe katinsa na aiki a tasha. Malam Inuwa ma saura ƙiris a rufe nasa, saboda Lahadi.

Na tambayi ma'aikatan kamfanin ko ba a gaya musu wannan al'ada ba. Suka ce sun wuni da dattawanmu suna tambayar dokokin tasha, an gaya musu komai, har da inda ake zubar da baƙin mai, amma babu wanda ya ambaci musanya. Na koma wajen Baba Dantong, sai ya dube ni ya ce, “'Yata, wannan ai ba doka ba ce. Zaman tare ne kawai.” To, kun ji inda gizo ya yi saƙar. Abin da ya fi komai daraja a wurinmu shi ne muka mance mu faɗa, domin ba mu taɓa tunanin akwai wanda bai san shi ba.

Saboda haka ina roƙon a saka abubuwa uku a cikin dokokinmu.

Na farko, Madam ta raba layi, ta ba da shawara, ta tona asirin mai wayo, amma kada ta hukunta kowa. Hukunci na mutum ne, mutumin da yake da suna, yake da fuska, wanda za a iya tsayarwa a tambaye shi dalili. Ranar da aka rufe katin Obum ya je ofis, sakatare ya ce ba shi ba ne, Madam ce. Ya kira kamfani, suka ce ba su ba ne, dokar tasharmu ce. Ya dawo ya tsaya gaban Madam da kanta a bakin ƙofar tasha yana yi mata bayani da Hausa, da Turanci, har da Ibo, ita kuwa tana ta yi masa barka da zuwa tasha. Kun yi dariya, ni ma na yi. Amma da na ga dattijo yana roƙon akwati, wallahi raina ya ɓaci.

Na biyu, duk wanda aka tuhuma a gaya masa laifinsa da harshen da yake ji, a saurare shi kafin a taɓa sana'arsa, kuma ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa idan bai gamsu ba.

Na uku, a yanzu haka Madam ta riga ta san inda kowace mota ta je da inda ta kwana. Na ga wasu sun sunkuyar da kai, kada ku damu, ban karanta ba. Amma dole mu san wa ke ganin wannan bayani da wanda aka hana, kuma mu riƙa zama da kamfanin lokaci-lokaci muna koya wa Madam halinmu, tun daga musanya har zuwa direban da ya bar layi don kai gawar ɗan'uwa ƙauye.

Iyayena, za ku duba ku ce ina Obum ɗin da ake ta magana a kansa. Ba ya cikin wannan rumfa. Katin da aka rufe shi ne katin shiga ƙofar tasha, don haka yana can bakin titi a cikin rana, yana jin mu ta lasifika. Malam Inuwa ma ba ya nan. Na aika masa ya shigo, ya ce a gaya mini ba zai taka tashar nan ba sai tare da Obum. Duk wanda ya yarda a ɗage wannan dakatarwa yanzu, ya ɗaga hannu.

Na gani. Baba Dantong, ba sai an ƙirga ba. A je a buɗe musu ƙofa.

Allah ya tsare mana hanya, ya tsare fasinjojinmu, ya ƙara wa Filato zaman lafiya. Allah ya ba mu basirar riƙe abin da hannunmu ya ƙera, ya mayar da kowa gidansa lafiya.

Na gode.