Allon Sanarwar da Aka Cire

Assalamu alaikum, Malam mai gabatarwa, barka da aiki.

Ni ne tsohon sakataren ƙungiyar ma'aikata a wani kamfanin motocin haya na gwamnati. A bakin ƙofarmu akwai allon ƙungiya. Haihuwa, ciwo ko rasuwa, nan nake liƙawa, kafin azahar kowa ya sani.

Da aka sayar da kamfanin, sabon mai shi ya ce ba ya magana da ƙungiya, sai da mutum ɗai-ɗai. Ya sa aka cire allon. Aka sallame mu da yawa, sauran suka yi shiru saboda abincinsu.

Ranar Talata na je Argungu gaida Baba Manu, tsohon direbanmu. Matarsa ta ce, "Sakatare, sai yau? Kwana tara ke nan da rufe shi. Har ya cika yana cewa mutanensa na nan tafe."

Na yi mata ta'aziyya, na kamo hanyar gida.

Malam, don Allah ka karanta wannan sau biyu. Direbobi da kanikawan da muka yi aiki tare, Baba Manu ya rasu. Gidan na nan inda kuka sani. Ba ni da inda zan liƙa.

Umaru Sakatare, Badariya, Birnin Kebbi