Ku Bar Mujallar a Kan Tebur

Mai girma shugaban taro, shugaban kwamitin ɗakin karatu da mambobinsa, malamanmu masu rubutu, ɗalibanmu masu karatu, da waɗanda sanyin fanka kawai ya kawo, assalamu alaikum.

Ni ce mai kula da ɗakin mujallu, wancan na ƙarshen baranda, wanda kwamiti ya ce zai rufe a ƙarshen zangon nan, a mayar da shi ma'ajiyar karyayyun kujeru. Ina godiya da kuka ba ni dama in yi magana tun ba a ɗana masa kwaɗo ba.

Na farko, binciken da muka yi. Mun bi sawun rubuce-rubucen malamanmu, muka tarar yawancinsu mujallun nesa suke kai wa, don ta can ƙarin girma yake zuwa. Madalla. Sai dai in ɗalibi ya nemi rubutun malaminsa a intanet, sai a ce masa ya biya tukuna. Mujallarmu da ake bugawa a saman benen nan kuwa, da 'yan'uwanta na maƙwabta, suna ɗakina, kyauta, ko godiya ba ma nema.

Na biyu, dalilin rufewar. Mujalla ba a aronta a fita da ita, saboda haka hanya ɗaya muke gane an karanta ta: abin da muka tarar a kan tebur da yamma, shi muke ƙirgawa. To ni fa kullum ɗakina maƙil, amma da yamma tebur fes kamar an lashe. Rahoto ya tafi cewa babu mai karatu. Jama'a, har aljanu na fara zargi!

Ashe Baba Mai Lema ne. Ga shi nan a sahun gaba yana sunkuyar da kai. Ga wanda bai san shi ba, shehin malami ne da ya yi ritaya, shi ya koyar da rabin zauren nan, har da shugaban kwamiti. Da ɗalibi ya tashi, sai Baba ya lallaɓa ya mayar da mujallar gurbinta, ya bi tebur da hankici. Rashin sani ya fi dare duhu.

Na ce, "Haba Baba, ashe kai kake kashe mu!"

Ya ce, "'Yata, ni ban iya ganin littafi a yashe ba."

Da na yi masa bayani, sai ya ce, "To in an rufe, ina zan je da safe? Tun rasuwar mai ɗakina, nan ne kaɗai ake amsa mini sallama." Wallahi sai da na juya na share ido.

Na uku, roƙo. Kwamiti, ku yi wa Allah a sake ƙirge kafin a yanke hukunci. Malamai, ku riƙa tunawa da mujallar gida, domin kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Ɗalibai, yau mai ɗakin karatu ce da bakinta take roƙonku ku yi hargitsi: ku karanta, ku bar ta a kan tebur, ku yi gaba. Kai kuma Baba, ka riƙe lemarka da hannu biyu.

Allah ya yi wa iliminmu albarka, Allah ya mayar da kowa gida lafiya, Allah ya ba Baba haƙurin kallon tebur a hargitse, ya kuma bar masa inda zai yi sallama da safe a amsa.

Na gode.