Fuseini Ya Cika Shafi da Bakinsa

Salamu alaikum mai gabatarwa, sannu da aiki. Ni ce Memuna mai shinkafa da wake daga Gumbihini.

Ɗana Fuseini hannunsa rawa yake tun yana ƙarami. Ya san amsa, amma rubutunsa ko shi ba ya iya karantawa. Ba irin rubutun shan da bai sha ba.

Jiya malamarsa ta kira ni makaranta, ta ajiye waya gabansa, ta ce, "Fuseini, yi magana." Yana faɗa, wayar tana rubutawa! Ya cika shafi guda a kan girkina. Wallahi guɗa na rangaɗa cikin aji!

Jama'a, jarrabawa ta matso. Wa zan gani a bar yarona ya amsa da bakinsa?