Layin Dogo Biyu

BALA: Salamu alaikum! Ogan Rayfield da kansa!

USUMANU: Wa alaikumus salam. Yaya Bala, na ga filashinka tun safe, na ce bari in kira. Lafiya dai?

BALA: Lafiya lau. Ina wuni? Ya sanyi?

USUMANU: Sanyi lokacinsa ne. Ya su Anti Suwaiba? Ya shagon hoto?

BALA: Sai godiya. Ya kasuwar shanu? Ya Zakiyya da yara?

USUMANU: Suna gaishe ka. Bangon shagon nan da ya tsage, an gyara kuwa?

BALA: Wane bango? Ɗan layi ne, na rataya hoton biki a kai, ya warke. Bar wannan. Manu, yau kana magana da mutumin da ya yi abin da injiniyoyin Jos kaf suka kasa.

USUMANU: To fa! Irin ranar da ka ɗauko hoton damisa a Naraguta?

BALA: Damisa ce!

USUMANU: Kyanwar Madam Faith ce, ka ja mata wutsiya a kwamfuta.

BALA: Ƙaramar damisa ce. Saurara mana. Ka tuna taswirar Turawan kuza da ke ƙasan akwatin Kaka?

USUMANU: Wadda gara ta ci gefenta?

BALA: Ita. Na yi mata sikanin, na sauko da hoton satalayit na yanzu, na ɗora tsohuwar a kan sabon. Sai na rage mata duhu har ana ganin na ƙasa, kamar ka duba ta cikin gyale.

USUMANU: Halo? Kamar me?

BALA: Gyale! Gyale! Fito daga cikin shanun nan, kukansu nake ji, ba kai ba.

USUMANU: Na fito. Ina jin ka.

BALA: Aikin yana da ƙa'ida, ba na kowa ba ne. Sai ka nemi abin da ba ya motsi: dutse, gada, layin dogo. Ka juya taswira, ka ja, ka matsa, har dutse ya hau kan dutse, dogo ya hau kan dogo. In suka zauna daram, duk abin da tsohuwar ta nuna, nan yake a ƙasa.

USUMANU: Kai, ka yi ƙoƙari wallahi.

BALA: Ƙoƙari? Robert na ofishin safiyo da ya gani, cire hula ya yi. To, amma... Manu, filin nan naka na hanyar Rayfield, yaushe za a fara?

USUMANU: Gobe in sha Allahu. Magina za su haƙa harsashi, siminti ma ya sauka.

BALA: Inna lillahi!

USUMANU: Mene ne? Yaya Bala, mene ne?

BALA: Loto. Ramin kuza na ƙarƙashin ƙasa. Daidai inda za ka sa falo. Turawa sun zana shi da jan tawada. An ce jaki ya taɓa faɗawa ciki da kayansa, sai a Bukuru aka ga ya fito.

USUMANU: Subhanallahi! Bijimaina na sayar kaf na sayi filin nan! Zakiyya har ta zaɓi labule!

BALA: Ai na sani. Na faɗa tun farko, me ya kai mai shanu unguwar masu kare da get? Ni da na goya ka, ga ni a Daɗin Kowa cikin haya, ban mutu ba. Kai kuwa sai Rayfield, sai bene, sai a riƙa cewa gidan Alhaji Usumanu. Ba wai ina jin haushi ba ne.

USUMANU: Yanzu ya zan yi? Bari in kira Badung magini in ce kada su zo.

BALA: Kira shi maza. Filin kuma kada ka damu, ka bar min shi. Ni ɗan'uwanka ne, zan ɗauke maka wannan masifa. Kabeji zan shuka. In ta kama, in kafa ɗan shago mara nauyi a gefe.

USUMANU: Shago? A kan loto?

BALA: Na langa-langa. Hoto ba shi da nauyi.

USUMANU: Hmm. Turo min abin a waya in gani tukuna.

BALA: Ba za ka gane ba, aikin masana ne.

USUMANU: Turo dai, in nuna wa Zakiyya dalilin da labulenta zai koma shago.

BALA: To, ga shi nan. Ya shigo?

USUMANU: Yana juyawa... ya shigo. Ga filina. Ga jan abin a kai. Wayyo Allah.

BALA: Ka gani? Ni ba na ƙarya.

USUMANU: Tsaya. Yaya Bala, layin dogo nawa ne daga Jos zuwa Bukuru?

BALA: Ɗaya mana. Wace irin tambaya ce wannan?

USUMANU: Biyu nake gani a nan. Ga na satalayit inda muka san shi, ga na taswira can gabas, yana ratsa gidajen mutane.

BALA: A'a... Turawa ne suka ɗage shi daga baya.

USUMANU: Dutsen ma biyu ne. Shi ma ɗage shi suka yi?

BALA: Dutsen da ai ba na yanzu ba ne. Ruwan sama...

USUMANU: Kai da bakinka ka ce dogo kan dogo, dutse kan dutse! Jan taswirar ka yi, kamar yadda kake jan ango gajere a hoto ya kamo amarya. Har hannu uku ka taɓa bar wa Salim ranar aurensa!

BALA: Wannan laifin wuta ne, an ɗauke ina tsaka da aiki.

USUMANU: Tsaya in auna da yatsa. In na mayar da dogo kan dogo, jan abin nan zai koma yamma... ya wuce kwana... ya shiga Daɗin Kowa... Yaya Bala!

BALA: Na'am?

USUMANU: Shagonka ne! A ƙarƙashin shagonka loton yake! Shi ya sa bango ke tsagewa! Ka daidaita ta tun farko, ka gani, sai ka turo ramin zuwa filina, kai kuma ka gaji fili!

BALA: Haba Manu, aro na ba ka na ɗan lokaci. Kai mai bene ne, ka fi ni ƙarfin riƙe rami.

USUMANU: Gobe da safe Badung zai haƙa harsashi. Kai kuma ka kwashe kyamarorinka kafin su fito a Bukuru tare da jakin nan. In ka yi ladabi, in ba ka ɗakin bakin get.

BALA: Ɗakin maigadi? Ni? Halo? Halo, Manu? Kash, katina ya ƙare, ba na jin...

USUMANU: Yaya Bala, ni na kira ka.