Kwalaben Ƙwarin Surayya

UMMA: Salamu alaikum. Surayya, kina ji na?

SURAYYA: Wa alaikumus salam. Umma, ina wuni?

UMMA: Lafiya lau. Ya Ikorodu? Ya aikin makaranta?

SURAYYA: Alhamdu lillahi. Ya ƙafar taki?

UMMA: Da sauƙi. Ya masu lambun?

SURAYYA: Suna gaishe ki. Malam Isah ma ya ba ni kuɓewa in kawo miki.

UMMA: Allah ya saka. Kin ci abinci kuwa? Ya rana?

SURAYYA: Umma, gaisuwar nan ta yi tsawo. Me ya faru?

UMMA: Ba komai. Kina ina yanzu?

SURAYYA: Ina cikin motar danfo, gosulo ya riƙe mu a Ketu. Faɗa min mana.

UMMA: Dama shara na yi a ɗakinki, sai na jawo kwalin nan na ƙarƙashin gado...

SURAYYA: Kwalin kwalabena? Umma!

UMMA: Tsaya ki ji. Na fito da shi tsakar gida, sai ga Baffanki Bature ya shigo gaisuwa. Ya buɗe ɗaya ya shinshina, ya ce warin ogogoro. Ya ɗaga babbar kwalbar, ya karanta abin da ke jiki, wai alkohol. Ya ce giya a gidan marigayi ƙaninsa? Bayan la'asar zai dawo ya tuttule su a kwata da hannunsa, kuma karatun naki ya ƙare.

SURAYYA: Karatuna ya ƙare? Shi ya fara min? Wata takwas ina bin lambunan Ikorodu cikin taɓo ina kama ƙwarin nan! Saura mako uku in gabatar da bincikena. Wallahi ba mai zubar min da su.

UMMA: Ke, ki iya bakinki, yayan ubanki ne.

SURAYYA: Na sani, kuma ina girmama shi. Amma bai tambaye ni ba ya yanke min hukunci. Ni ce zan sha giya, Umma? Da matattun ƙwari a ciki?

UMMA: Ni ma abin da na ce a raina ke nan. Shi ya sa na yi dabara.

SURAYYA: Wace dabara?

UMMA: Na ce tunda ruwan ne haram, bari in tsiyaye shi, in cece miki 'ya'yan farar. Na juye su a kwanon sha, na zuba musu ruwa mai kyau.

SURAYYA: Innalillahi! Kwalba nawa?

UMMA: Sha biyu. Saura talatin. Wuri ɗaya na haɗa su, ai duk iri ɗaya ne, 'yan mitsi-mitsi.

SURAYYA: Ba iri ɗaya ba ne! Aikin nawa ke nan gaba ɗaya, in nuna ba iri ɗaya ba ne! Kuma ba fara ba ce. Fara taunar ganye take, waɗannan bakinsu kamar allura yake, tsotse ganyen suke har ya nannaɗe ya ƙone. Kowace kwalba daga lambu ɗaya take, da 'yar takarda a ciki. Ina takardun?

UMMA: Suna nan suna yawo a ruwan.

SURAYYA: Umma, kin ƙona min rai. Wallahi kuka nake ji, ga mutane a mota suna kallona.

UMMA: Don in rufa miki asiri na yi, 'yar nan.

SURAYYA: Ba ni da asirin da za a rufa. Ruwan kwalaben nan shi ke hana su ruɓewa, kafin gobe za su narke a wannan kwanon. Sifirit ne fa kawai!

UMMA: Me kika ce? Layin na yankewa.

SURAYYA: Sifirit! Ɗan uwan wanda kike goge wa jarirai cibiya da shi in an kira ki wankan jego.

UMMA: Au! Sifirit ne? To me ya sa aka rubuta alkohol?

SURAYYA: Sunansa ke nan a wajen masu bincike.

UMMA: Ikon Allah. Shekara ashirin ina shafa shi da hannuna in tashi in yi salla. Jikokin Baturen su biyar ma da shi na busar musu da cibiya. Ashe da giya na yi, in ji shi?

SURAYYA: Sai ki tambaye shi. Yanzu dai ɗauko tabarau ɗinki. A gefen kwalin akwai gilashi mai ƙara girma da ɗan burushi siriri. Kada ki sa yatsa, fiffikensu zai cire.

UMMA: Ni zan raba su?

SURAYYA: Ke da kike tsince tsakuwa a shinkafa ba tabarau? Ki tsiyaye ruwan a hankali, ki zuba musu na babbar kwalbar ya rufe su. Ki kawo murfi uku.

UMMA: Tsaya... To, na yi. Kai, ji wari. Na ɗora gilashin. La ilaha illallahu, ashe da idanu suke! Ga wasu ƙayoyi jere a ƙafar baya kamar matsefi.

SURAYYA: Duk danginsu haka suke. Dubi ƙarshen fiffiken. Akwai baƙin ɗigo?

UMMA: Wannan koren yana da shi, ɗaya nan, ɗaya nan.

SURAYYA: Na kuɓewa ne, shi ke kashe lambun Malam Isah. Murfi na farko. Wani fa?

UMMA: Wannan kore ne shar, ba ɗigo ko ɗaya.

SURAYYA: A wake na kama shi. Murfi na biyu.

UMMA: Ga wani ya fi su rawaya, da ɗigo biyu baƙi ƙirin a goshi, kamar an sa masa kwalli.

SURAYYA: Na masara ne.

UMMA: Asara? Na san na ja miki asara, ba sai kin...

SURAYYA: Masara, Umma! Masara ta gasawa!

UMMA: Oho! To ki buɗe baki mana. Amma Surayya, wallahi ba iri ɗaya ba ne. Ko kusa. Wa ya ce iri ɗaya ne?

SURAYYA: Ke kika ce.

UMMA: Ban duba ba ne a lokacin. To lambun kowanne fa, yaya za ki gane?

SURAYYA: Na waɗannan sha biyun ya tafi, sai dai in san irinsu kawai. Talatin ɗin nan su ne suka rage min. In suka shiga kwata, shi ke nan wata takwas. Ki ce wa Baffa ya jira ni. In ya ƙi, zan shigo da sabon galan na sifirit ta ƙofar gida da rana tsaka, kowa a layinmu ya gani.

UMMA: Ba sai kin yi haka ba. Ga sallamarsa can a ƙofa, har da bokiti ya zo.

SURAYYA: Ba shi wayar! Umma, ba shi wayar in yi masa bayani!

UMMA: Ba zan ba shi ba. Ke yarinya ce, in kika ɗaga murya a ce rashin kunya. Ni kuwa ba wanda zai ce min haka a tsakar gidana.

SURAYYA: Me za ki yi?

UMMA: Na riga na zauna a kan kwalin. Wa alaikumus salam, Yaya Bature, sannu da zuwa! Ajiye bokitin nan tukuna, ka zo ka leƙa gilashin nan ka gaya min ɗigo nawa ka gani. A'a, ba zan tashi ba, ƙafata ke ciwo...

SURAYYA: Umma? Umma!

UMMA: Kashe wayar, Surayya, aiki nake.