Rediyon da Aka Bari a Kunne

A ɗakin jira na asibiti, wata mata ta ji dattijon da ke gefenta ya ce gyaran rediyo yake yi. Ta matso da sauri.

"Baba, na bar rediyo a kunne a gida, yau kwana uku. Zai iya jawo gobara?"

"Kwana uku! 'Yata, in wuta ta zo da ƙarfi, har labule sai ya kama. Kira maƙwabta su kashe."

"Akwai makulli a wurinsu."

"To, me kike jira?"

Ta dubi ƙofar ɗakin tiyata.

"Maigidana ne ya kunna, yana cikin jin labarai ya yanke jiki ya faɗi. Sau biyu ina kai hannu, na kasa. So nake ya dawo ya kashe abinsa."